Kwamfutarmu Mai Hutun Juma'a

Kwamfutar ta iso gidanmu na unguwar Komah a cikin kwalin taliya, an naɗe ta da tsohon labule. Goggona, ƙanwar Baba, ce ta aiko da ita daga garin Dapaong, can arewa da mu. A can take aiki a wani ofis, ita ke kula da kwamfutocinsu. Wanda tasa ta ƙi tashi, wanda ya manta kalmar sirrinsa, injin buga takarda da ya haɗiye takarda ya ƙi amayarwa, duk ita ake kira. Da suka sauya na'urori aka bar wa ma'aikata tsofaffin, sai ta zaɓi mai sauran ƙarfi ta ce a kawo min. Ta ji labari wai shekara guda cur ina tsayawa a bakin tagar ɗakin kwamfuta na makarantarmu ina leƙe, ban taɓa iya buɗe baki na ce a ba ni wuri ba. Gaskiya ne kuwa. Ni ko a aji, idan na san amsa, rubuta ta nake yi a gefen littafi in jira wani ya faɗa.

Babu inda za a ajiye ta sai falon Baba, don nan ne kaɗai ke da tebur kusa da soket. Aka ɗora allon kallo da madannai a kan teburinsa. Akwatin kuma, wanda shi ne ainihin kwamfutar, aka tura shi ƙarƙashin tebur. Teburin na da mayafi mai zanen abarba da ya sauka har ƙasa, saboda haka ba a ganin akwatin, sai dai a ji shi yana numfashi. A bayansa akwai 'yar fanka da ke fitar da iska mai ɗumi. Kyanwar gidanmu ce ta fara gano haka, tun makon farko ta kwashe ta koma can.

Lokacin babban hutu ne, damina ta zauna sosai. Goggo ta haɗo min da kaye, wato littafin rubutu, wanda ta cika da darussa da hannunta, na yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni ta bi. Shirin da na fara rubutawa da kaina na gaisuwa ne. Na so ta rubuta ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, sannan ta maimaita. Na danna. Gaisuwa ta fara zubowa a allo kamar an fasa randa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina kwana, ina gajiya, ba tsayawa. Fankar ta ɗauki ƙugi kamar babur zai hau dutse.

Kaka ce ta leƙo. Ita ce mahaifiyar Baba, sunanta aka sa min, shi ya sa Baba ke kirana Uwata, ita kuma ta ce min takwara. Sauran jikokinta suna zuwa su tsokane ta, su ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, su ɓoye mata takalmi, ta bi su da muciya tana dariya, don an san jika da kaka akwai wasa. Ni ce kaɗai ban taɓa yi ba. Durƙusawa nake in gaishe ta in tashi.

"Me ya same ta take ihu?" in ji Kaka.

Na ce, "Gaisuwa take yi."

Na karanta mata abin da ke gudu a allon. Ta saurara har zagaye huɗu, ta gyaɗa kai.

"Wannan an yi mata tarbiyya. Ba kamar rediyon ubanki ba, da zai shigo maka ɗaki da labarin yaƙi ko sallama babu."

Na kira Goggo a wayar Mama. Ta sa na karanta mata abin da na rubuta layi-layi, sannan ta ce, "Kin gaya mata ta fara. Kin gaya mata ta maimaita. A ina kika gaya mata ta daina?" Na duba, babu. Ta koya min in sa mata ƙirge, in ta kai uku ta tsaya. Na gyara. Amma ban goge na farkon ba, na ajiye shi gefe, don ina son yadda yake gudu.

Bayan kamar mako biyu kwamfutar ta fara mutuwa. Ina cikin rubutu fankar za ta yi ta ƙara ƙarfi, sai kuma ɗif, allo ya yi baƙi. Ba ɗauke wuta aka yi ba, ga ƙwan lantarki na ci a saman kaina. In na danna maɓallin nan take, ba ta ko motsi. Sai ta huta tukuna ta tashi, ta yi minti ashirin, ta sake faɗuwa.

Baba kayan keke yake sayarwa, kuma a wajensa duk na'urar da ta yi gardama mai take so. Ya shigo da gwangwanin mansa mai dogon baki, ya ce in nuna masa inda ake ɗiga mata. Ban iya ce masa a'a ba. Tsayawa kawai na yi tsakaninsa da teburin, ina kallon yatsun ƙafata, har ya gaji ya fita. Washegari ya zo da wani bayanin. Ya ce gaisuwata ce ta kashe ta.

"Uwata, ko mutum ne aka tsayar da shi yana gaisuwa tun safe ba a ba shi ruwa ba, ai faɗuwa zai yi."

Goggo ta sa na gwada abubuwa ɗaya bayan ɗaya ta waya. Na ja wayar wuta daga soket ɗin ɗakin Mama. Na sauya igiyar akwatin da ta tukunyar shinkafa mai lantarki da maƙwabciyarmu ta ara mana. Na cire linzamin kwamfutar, na mayar. Wata rana a ce an dace, ta yini lafiya, har mu fara murna. Bayan kwana biyu ta koma gidan jiya.

Goggo ta ce, "Daina zato. Ɗauki wani kaye ki ja layi. Ranar, lokacin da kika kunna, lokacin da ta mutu, abin da kike yi a kanta. Gida na ƙarshe kuma ki rubuta duk abin da kika gani a ɗakin."

Da ta san ni sosai, da ba ta ce duk ba. Gidan ƙarshen nan sai da na ƙara masa takarda. Na rubuta an yi ruwa. Na rubuta Baba ya bar hularsa a kan allo. Na rubuta kyanwa na ƙarƙashin tebur. Na rubuta kyanwa na bakin ƙofa, ta juya mana baya. Na rubuta Kaka ta aike ni sayen goro.

Wadda ta fi kowa damuwa da ciwon nan kuwa Kaka ce, abin har ya ba mutanen gidan mamaki. Wannan matar da a da ko littafi ta gan ni da shi sai ta ce in ajiye in zo in taya ta wanke kalwa, yanzu ita ke zuwa ta tashe ni daga tsakar gida.

"Takwara, zaman me kike yi? Je ki kunna abarki, ilimi ba ya jira."

Da na kunna sai ta aike ni bakin titi sayen goro. In na dawo ta ce, "Sa ta gaisuwar nan, doguwar, ba guntuwar da goggonki ta lalata ba." In ta mutu, Kaka ta tafa hannu ta yi salati, ta ce in sake gwadawa. Mama har ta ce wa Baba, ashe Inna na son boko haka, shekarun nan ɓoyewa take yi.

Da kaye ya cika mako uku na zauna na duba. Litinin zuwa Alhamis lafiya lau take, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ko doguwar gaisuwa na sa ko guntuwa. Mutuwar duk daga Juma'a ce zuwa Lahadi. Na kai wa Baba na nuna masa da yatsa. Ya sa tabarau, ya bi layin a hankali, ya cire tabarau, fuskarsa ta washe.

"Shi ke nan, na gane. Daga ina aka kawo ta?"

"Daga ofis, Baba."

"To! Ma'aikaciya ce. Ta saba Juma'a a tashi da wuri, Asabar da Lahadi ba a zuwa. Ke kuma kin sa ta aiki kamar 'yar kasuwa."

Kwana biyu yana ba abokansa wannan bayani a ƙofar masallaci. Da ya gaya wa Goggo a waya sai ta ce, "Yaya, ku kawo min ita in gani. Ku taho ranar Alhamis, ta yi hutun nata a gabana."

Haka muka mayar da ita cikin kwalin taliya muka shiga motar Dapaong da sassafe. Direba ya so ya ɗaure ta a sama tare da buhunan doya, Baba ya ce sai dai a ɗaure shi tare da ita. A cinyata ta zauna. Duk ramin da muka faɗa sai Baba ya juyo ya tambaye ni, "Tana lafiya?" kamar zan ji bugun zuciyarta. Bayan mun wuce garin Mango wata mata da ke kusa da ni, da Hausarta ta kasuwa, ta sunkuyo ta shinshina kwalin.

"Yarinya, daddawa ne ka ɗauko? Nawa kana sayarwa?"

Na girgiza kai. Baba ya amsa mata da ƙarfi yadda duk motar za ta ji, "Kwamfuta ce, Madam." Matar ta sake shinshinawa, ta kalli Baba, ta kau da kai har ta sauka a garin Bombouaka.

Ban ɗauki maganarta da wani nauyi ba, don komai na gidanmu warin daddawa yake. Sana'ar Kaka ce. Matan ƙauyen Aouda ke kawo mata kalwa, ta dafa yini guda, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta zuba a kwando ta lulluɓe, ta bar ta kwana uku a wuri mai ɗumi har ta nuna. Rigar makarantata ma warin take. A aji ba a tambayar littafin wa aka tsinta, hanci ake sawa.

A gidan Goggo aka ɗora akwatin a kan tabarma a tsakiyar ɗaki. Ta kwance kusoshi biyu ta zare murfin gefe. Ranar na fara ganin cikinta. Na zaci zan tarar da wani abu mai ban tsoro, sai na ga faranti kore mai ƙananan gidaje jere kamar unguwa, da wayoyi, da fili mai yawa da babu komai. Goggo ta zare wasu dogayen sanduna biyu, ta ce nan take riƙe abin da take tunani, ta goge bakinsu ta mayar har suka ce ƙas. Ta juya fankar da yatsa. Ta duba ko wani abu ya kumbura ko ya ƙone. Babu.

Ni ce na hango wani abu baƙi maƙale a ragar bayan fankar. Na sa farce na ciro. Ƙwayar kalwa ce guda ɗaya, dafaffiya, ta bushe. Na miƙa wa Goggo. Ta juya ta a tafin hannunta, ta mayar min, ta ce in riƙe.

Ta kunna kwamfutar ranar Juma'a da safe, ta sa mata doguwar gaisuwata. Ta yi ta gaisuwa har la'asar. Asabar haka. Lahadi haka. Ko tari ba ta yi ba. Baba ya zauna gabanta a kujera, hannu a haɓa, yana jira ta faɗi ta fitar da shi kunya, ta ƙi.

"Ta ga tsohuwar shugabarta ne," in ji shi. "Wa zai yi lalaci a gaban shugaba?"

Goggo ta karɓi kayena tana karanta gidan ƙarshe da ƙarfi tana dariya. Hular Baba. Kyanwa ta juya baya. Goro. Kyanwa ta juya baya. Goro. Sai dariyar ta fara raguwa. Ta koma shafin farko, ta sake bi da yatsa, ta rufe littafin.

Baba dai ransa ya ɓaci. Ya bar shagonsa kwana huɗu, ya ratso rabin ƙasa da mara lafiya, an zo gaban likita mara lafiya na tsalle. Ya ce tunda Dapaong take so, ta zauna a Dapaong, shi ma ya samu teburinsa. Darasi na tara nake a kayen Goggo, akwai sauran goma sha ɗaya, kuma na san in aka bar ta a nan, komawa zan yi bakin tagar makaranta. Hannu kawai na ɗora a kan akwatin.

Goggo ta ce, "Yaya, a ba ta mako ɗaya."

"Juma'a ɗaya," in ji Baba. "In dawo daga masallaci in zauna da agogona. In ta kai la'asar, ta zauna. In ta faɗi, motar farko za ta biyo."

Da za mu tafi Goggo ta ja ni bayan ƙofa. Ta ce, "Lafiyarta ƙalau. Ciwon a ɗakin yake. Ranar Juma'a ki tambayi kyanwar nan wa ya kore ta." Na ce to ita me ta gani? Ta gyara min ɗankwali ta ce, "Ni 'ya ce. Ke jika ce." Ban gane ba sai daga baya.

Muka dawo. Baba bai bari an jefar da kwalin taliya ba, ya jingine shi a bayan ƙofar falo, da labulen a ninke a ciki. Litinin zuwa Alhamis kwamfuta na aiki, kyanwa na ƙarƙashin tebur, Kaka ba ta ko tambayi ilimi ba. Alhamis ta yini a gindin murhu tana dafa kalwa.

Juma'a da hantsi ya ɗaga sosai, Baba ya tafi masallaci, sai ga ta.

"Takwara, ilimi ba ya jira."

Na kunna. Ta ce in je in sayo goro. Na fita, na buga ƙofar gida yadda za ta ji, na cire takalmina na riƙe a hannu, na zagayo ta bayan falo inda taga take. Na leƙa ta gefen labule.

Kaka ta shigo da baya, tana jan kwando a ƙasa. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗaga mayafin abarba. Ta kamo kyanwa ta ƙeya ta ajiye ta gefe. Ta tura kwandon daddawa har ya manne da bayan akwatin, daidai bakin fankar. Sannan ta ɗauko tsohon bargon Baba mai kauri ta lulluɓe su duka biyun, kwando da kwamfuta, ta soke gefe-gefen a ƙasa yadda ko iska ba za ta fita ba. Ta ɗan bubbuga saman da tafin hannu kamar mai lallashin jariri. Ta saki mayafi. Kyanwa ta tafi bakin ƙofa ta juya baya.

Na tsaya a wurin da takalmi a hannu. Damina ce, gari da sanyi-sanyi, daddawa ba ta nuna sai da ɗumi. Daga Juma'a zuwa Lahadi take kwana a rufe. Doguwar gaisuwa kuma ita ta fi sa fankar fitar da zafi. Duk ga su nan a kayena tun tuni, ban haɗa ba.

Na yi niyyar in jira ta fita in janye kwandon a ɓoye, kowa ya huta. Amma da na je na sayo goron na dawo, na tarar ta shimfiɗa tabarma a gindin teburin, ta miƙe ƙafa ta danne bakin mayafin da diddige, tana jan carbi. Ba a jima ba Baba ya yi sallama. Ya ja kujera, ya kwance agogonsa ya ɗora a kan tebur.

"Bismilla, Uwata."

"Sa mata doguwar," in ji Kaka.

Na sa guntuwar. Duk da haka fankar ta fara ƙugi, sai dai a shaƙe, kamar mai ihu cikin filo. Na san wannan ƙarar. Daga ita zuwa ɗif bai fi minti biyar ba. Na kalli kwalin taliya a bayan ƙofa. Na kalli Baba, wanda a rayuwata ban taɓa jin ya ce wa Kaka ko don me ba. Shi ba zai iya ba ko da ya sani. Goggo ma ba ta iya ba. Sai a lokacin maganarta ta bayan ƙofa ta faɗo min.

Na ce, "Tsohuwa."

Muryar ta fito siririya, ni kaina ban gane ta ba. Babu wanda ya ji. Na ɗaga murya.

"Tsohuwa, janye ƙafarki."

Carbin ya tsaya. Baba ya waiwaya bakin ƙofa ya ga ko wata ce ta shigo.

"Da wa kike?" in ji Kaka.

"Da ke. Kin goya wa kwamfutata kwandon daddawa, kin lulluɓe ta da bargo kamar mai jego, kin zo kin zauna kina jan carbi kamar ba ke ba. Ga shaida." Na kwance bakin ɗankwalina na ajiye ƙwayar kalwar nan kusa da agogon Baba. Ta gangara ta tsaya a jikin agogon.

Kaka ta dube ni, ta dubi kalwar, ta buɗe baki. Sai ta fashe da dariya har ta kwanta gefe.

"Jama'a ku zo! Bebiya ta yi magana! Shekara goma sha uku ina jira ki zage ni, ashe sai an taɓa miki akwati!"

Ƙafar ta janye. Na faɗa ƙarƙashin tebur na fizge bargon. Wani zafi da wari suka buso falon lokaci guda, har Baba ya ja kujerarsa baya. Akwatin ya yi zafi kamar murfin tukunya. Na ja kwandon gefe, na ɗage mayafin sama, na ɗauki murfin kwano ina yi masa fifita. A hankali ƙugin ya fara sauka.

Baba ya daɗe yana kallon bargonsa.

"Inna."

"Na'am."

Ya kalli rufin ɗaki. "Inna, har Dapaong fa na kai ta."

"Na sani mana. Ai makon nan daddawata ba ta yi kyau ba, sai da na ƙara mata kwana."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"An tambaye ni? Ku kuna ta ofis da hutu. Ni na zaci raki ne irin na 'yan boko. Zafi ne ke fita a banza, kyanwa kaɗai ke mora, na ce wannan almubazzaranci ne."

Aka kira Goggo, aka buɗe muryar wayar. Da ta ji ni ce na faɗa, kuma ta ji da kalmar da na fara, sai muka ji wayar ta faɗi, muka ji dariya daga nesa. Da ta dawo ta ce, "Inna, ta bayan nan take numfashi. Kin toshe mata hanci, kin rufa mata bargo. In zafi ya yi mata yawa kashe kanta take yi don kada ta ƙone."

"To ta numfasa a kan daddawata mana. Numfashin nata na zinariya ne?"

Aka shiga ciniki. Goggo ta ce kwando na iya zama a ƙarƙashin tebur, amma taƙi biyu tsakaninsa da fanka, bargo kuma kwandon kaɗai zai rufe, mayafin tebur a ɗage ta baya. Kaka ta yarda nan take, ta kamo hannuna ta ce a auna da taƙin takwara. Goggo ta ce ina, da na Yaya. Kaka ta ce hannun ɗanta kamar faranti yake, da taƙinsa biyu ai kwandon ya kai Aouda. Goggo ta ƙi sauka. Ƙarshe Baba, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur yana aunawa, Kaka na tura kwandon da ƙafa kaɗan-kaɗan in ya kau da kai, ni kuma ina cewa, "Tsohuwa, ina ganinki." Karo na biyu ya fi sauƙin fita.

Baba ya fito, ya kakkaɓe gwiwa, ya koma kujera ya ɗauki agogo. Ya ce magana magana ce, sai la'asar. Muka zauna mu uku muna kallon allo. Kaka ta ce tunda zama za a yi, a sa doguwar. Na sa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara. Lokaci-lokaci Kaka na amsawa, "Lafiya lau. Ba gajiya." Ni kuma ina kai hannu bayan akwatin ina jin iskar, ɗumi ne kawai, irin na kofin shayin da ya huce.

Aka kira la'asar tana kan ina gida. Baba ya ɗaura agogonsa, ya miƙe, ya ce shi dama ya san akwai wani abu a ƙasa. Har ya kai ƙofa ya dawo ya ɗauki bargonsa, ya shinshina, ya ajiye wa Kaka.

Na gama darussa ashirin ɗin kafin a koma makaranta. Doguwar gaisuwa na nan har yau, ban gyara ta ba, duk Juma'ar damina ita ake sawa. Na ja layi da alli a ƙasan tebur inda taƙin Baba ya tsaya, kuma kusan kowane mako sai na tarar layin ya matsa, an sake zana shi da hannun da ba nawa ba.

Kwalin taliya kuwa ranar Asabar Baba ya fitar da shi daga bayan ƙofa. Ya ajiye shi a gefen tebur, da labulen a ciki, ya ce na kyanwa ne, tunda ita ma an cuce ta.